Daga Labari Zuwa Mu'adala: Inda Wahala Take a Mas'alolin Aljabara Masu Majahuli Fiye da Ɗaya

 

Mas'alar da na zo da ita gaban wannan majalisa ta masu koyar da lissafi sananniya ce ga duk wanda ya taɓa riƙe alli a ajin sakandare, watau yadda za a yi ɗalibi ya iya warware tambayar da aka ba shi cikin siffar labari, wadda a cikinta akwai adadi biyu ko uku da ba a sani ba, kuma ba a isa gare su sai an kafa mu'adala biyu ko uku an warware su tare. Da mu'adala ina nufin jumlar lissafi wadda ke shaida cewa abin da ke dama daidai yake da abin da ke hagu, da majahuli kuwa ina nufin adadin da ake nema. Irin mu'adalar da za mu yi magana a kanta ita ce miƙaƙƙiya, wadda ba a ninka majahuli da kansa ko da ɗan'uwansa a cikinta ba, kuma idan majahulinta biyu ne aka zana ta a takarda layi miƙaƙƙe take bayarwa. Ra'ayin da nake so in kafa wa hujja shi ne, mafi yawan lokacin da muke kashewa a aji yana tafiya ne kan sashen da ya fi sauƙi, watau sarrafa mu'adalar bayan an riga an rubuta ta, alhali kuwa wurin da yaranmu ke faɗuwa, a aji da kuma a jarrabawar WAEC da NECO, yana gabanin wannan: wurin fahimtar labarin, da sanya wa majahuli suna na gaskiya, da tabbatar da cewa kowace mu'adala ta faɗi abin da labarin ya faɗa ba ƙari ba ragi.

Mu fara da misali mai sauƙi domin a ga sashen da na ce ya fi sauƙi. Wata mata ta sayi tiya 3 ta gero da tiya 2 ta wake a kan naira 12,000, maƙwabciyarta kuma ta sayi tiya 2 ta gero da tiya 5 ta wake a wurin mai awo guda, a rana guda, a kan naira 19,000. Nawa ake sayar da tiyar kowanne? Idan muka ce g shi ne kuɗin tiya ɗaya ta gero, w kuma kuɗin tiya ɗaya ta wake, sai mu rubuta 3g + 2w = 12,000, sa'an nan 2g + 5w = 19,000. A ninka ta farko sau 2, a ninka ta biyu sau 3, domin gero ya zama 6g a cikin kowacce; a ɗebe ta farko daga ta biyu, gero ya tafi, a sami 11w = 33,000, watau tiyar wake naira 3,000 ce, daga nan kuma a koma mu'adala ta farko a tarar da tiyar gero naira 2,000 ce. Wannan ita ce hanyar kawarwa, kuma yaron da aka nuna masa ita sau kaɗan ya kan kama ta, domin ƙa'ida ce mai matakai sanannu, ba ta bukatar ijtihadi.

Hanyar nan kuwa ba sabuwa ba ce. A ƙasar Sin akwai wani littafin hisabi mai babi tara, wanda aka tattara kimanin shekara 2,000 da suka wuce a zamanin daular Han, kuma malami Liu Hui ya yi masa sharhi a shekarar 263 Miladiyya. Babinsa na takwas ya ƙunshi mas'aloli irin waɗannan, ya buɗe da ta dammunan hatsi iri uku, mai kyau da matsakaici da maras kyau, inda ake jera adadi a kan allo da 'yan sanduna, ana ninka layi ana ɗebe shi daga wani layi har majahuli ɗaya kaɗai ya saura. Abin da Bajamushen nan Carl Friedrich Gauss ya yi a shekarar 1810, sa'ad da yake lissafin falakin wani ƙaramin dutsen sama mai suna Pallas da mu'adala shida masu majahuli shida, asalinsa ɗaya da wancan, ko da yake yanzu da sunansa ake kiran hanyar a jami'o'i, kuma ita ce na'urar kwamfuta ke bi ta warware dubban mu'adala cikin ƙiftawar ido. To, aikin da aka iya danƙa wa na'ura ta yi shi ba kuskure, bai cancanci ya cinye zangon karatu gaba ɗaya ba.

Yanzu mu koma ga layin farko na wancan misali, inda na ce g shi ne kuɗin tiya ɗaya ta gero, domin a wannan layin ne alheri ko ɓarna ke farawa. Ɗalibai da yawa, idan aka duba takardunsu, abin da suke rubutawa shi ne g gero ne, w wake ne, kuma sau da yawa malami ya kan wuce bai ce kome ba saboda amsar ƙarshe ta fito daidai. Amma gero ba adadi ba ne, ba a ninka shi, ba a ɗebe shi daga wake. Abin da ake ninkawa shi ne kuɗinsa, ko nauyinsa, ko yawan tiyoyinsa, kuma waɗannan abubuwa uku ne mabambanta, wanda duk ya gauraya su a zuciyarsa zai gauraya su a mu'adalarsa ranar da tambaya ta ɗan karkata. Wannan cuta ba ta yaranmu kaɗai ba ce. A farkon shekarun 1980 John Clement da abokan aikinsa a Jami'ar Massachusetts ta Amurka sun gwada ɗaliban aikin injiniya na shekarar farko, suka bukace su da su rubuta mu'adalar da ke nuna cewa yawan ɗaliban wata jami'a ya ninka yawan malamanta sau shida, sai kashi 37 cikin 100 suka kasa, kuma mafi yawan waɗanda suka kasa sun juya mu'adalar ne, suka ɗora shidan a kan ɗalibai maimakon malamai. Dalilin da masu binciken suka gano shi ne, wasu suna bin jerin kalmomin jumlar ne suna sauya kowace kalma da alama, wasu kuwa suna ɗaukar harafin a matsayin laƙabin mutanen, suna hango ɗalibai shida tsaye kusa da malami ɗaya, alhali harafin yawan mutanen yake wakilta. Idan haka ta faru ga samarin da aka tambaye su cikin harshen da suka sha a nono, to, ina ga yaron Gumel ko Maraɗi wanda zai fara kokawa da Ingilishi ko Faransanci kafin ya iso ga lissafin?

Saboda haka nake ganin wajibi ne malami ya ƙi karɓar aikin da ba a bayyana majahulinsa da cikakkiyar jumla ba, wadda ta faɗi abin da ake aunawa, da ma'aunin da ake auna shi, da kuma lokacin da ake nufi in akwai lokaci a cikin labarin. Mas'alolin shekaru su ne suka fi nuna amfanin wannan sharaɗi na ƙarshe. A ce uba ya ninka ɗansa sau 3 a shekaru yanzu, shekara 10 da suka wuce kuwa ya ninka shi sau 5. Wanda ya rubuta cewa u shekarun uba ne a yau, d kuma shekarun ɗa ne a yau, zai tuna cewa shekara goman nan ta wuce a kan su biyun ne, sai ya rubuta u = 3d, da u − 10 = 5(d − 10), ya sa 3d a gurbin u bisa hanyar musanya, ya sami ɗa yana da shekara 20, uba yana da 60. Wanda bai ambaci lokaci ba kuwa, galibi ya kan rage goma daga shekarun uba ya bar ɗa yadda yake, ko ya manta da baka biyun nan ya ɗebe goma maimakon hamsin, kuma duk ƙwarewarsa a kawarwa da musanya ba za ta cece shi ba, domin zai warware wata mas'ala ce dabam da wadda aka tambaye shi, ya warware ta kuma daidai.

A nan ne nake so mu tsaya mu ɗan daɗe, mu dubi yadda magabata suka yi da wannan fanni, domin a ganina akwai darasi a cikin tsarinsu wanda muka yar. Muhammadu ɗan Musa Alkhawarizmi ya wallafa littafinsa na jabru da muƙabala a Bagadaza wajajen shekarar 820, a zamanin Halifa Ma'amun, kuma babu alamar lissafi ko ɗaya a cikinsa; kowace mas'ala da kalmomi ake kafa ta, da kalmomi ake warware ta, haruffan x da y da muka saba da su kuwa ba su zama al'ada ba sai bayan René Descartes ya yi amfani da su a littafinsa na shekarar 1637. Ba ina kira ba ne a koma rubuta aljabara da zube, domin alama ni'ima ce, ta taƙaita abin da da zai cika shafi, kuma malaman Magriba da Andalus da kansu, irin su Alƙalasadi wanda ya rasu a 1486, sun yi amfani da haruffan taƙaitawa. Abin da nake nufi shi ne, wanda ke lissafi da kalmomi ba shi da damar mance abin da yake lissafawa, tun da dole ya ambace shi a kowane mataki, mai lissafi da alama kuwa yana iya tafiya shafi guda bai tuna ko kuɗi yake nema ko shekaru ba.

Wani babban sashe na littafin Alkhawarizmi a kan wasiyya da rabon gado yake, kuma wannan fage ne da alƙalai da malaman ƙasar Hausa suka daɗe suna aiki a cikinsa, tun daga abin da ɗalibi ke karantawa na fara'ili wajen ƙarshen Risala ta Ibn Abi Zaid har zuwa manyan littattafan mazhaba. A cikin wannan fage akwai mas'ala guda wadda ban san abin da ya fi ta bayyana maganata ba. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza uku, ba wani magaji sai su, ya bar dukiya ta naira 3,600,000 bayan an biya bashi da hidimar jana'iza, ya kuma yi wasiyya a ba wani wanda ba magaji ba kwatankwacin rabon ɗansa. Idan muka ce s shi ne abin da za a ba mai wasiyya, r kuma abin da kowane ɗa zai karɓa, mu'adala ta farko ba gardama a kanta: s + 3r = 3,600,000. Ta biyun ce malaman fiƙihu suka yi saɓani a kanta. Jumhuru sun fahimci cewa mamacin yana nufin a daidaita mutumin da 'ya'yansa, ya zama kamar ɗa na huɗu, watau s = r, sai kowa ya tashi da naira 900,000. Imamu Malik kuwa ya fahimci cewa rabon ɗa shi ne abin da ɗan zai samu daga asalin dukiya da babu wasiyyar, watau sulusi, sai a ba mai wasiyya naira 1,200,000, 'ya'ya uku su raba ragowar 2,400,000, kowanne ya sami 800,000. Ga lafazi ɗaya, ga dukiya ɗaya, ga hisabi ingantacce a kowane ɓangare, amma tsakanin amsa da amsa akwai naira 300,000 na haƙƙin mutane, kuma babu wata ƙa'idar aljabara da za ta raba wannan gardama, domin gardamar a kan ma'anar maganar mamaci take, kafin a kai ga alƙalami. Duk ɗalibin da aka zauna da shi aka bi masa wannan mas'ala a hankali, ba zai ƙara ɗaukan kafa mu'adala abin wasa ba, kuma ina roƙon masu rubuta littattafan makarantunmu su dubi wannan taska da ke hannunmu, su ɗebo misalai daga cikinta.

Haka kuma bai kamata a raina hanyar da mutanen kasuwa da makiyaya ke bi da ka ba, gama sau da yawa ita ce kawarwar da kanta ba tare da alama ba. A ce a wani gida akwai awaki da kaji, kawunansu 30, ƙafafunsu 84. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba zai ce: mu ɗauka duka kaji ne, ƙafafu 60 ke nan, saura 24, kowace akuya kuwa ta fi kaza da ƙafa biyu, ashe awaki 12 ne, kaji 18. Wanda ya rubuta a + k = 30 da 4a + 2k = 84, ya ninka ta farko sau 2 ya ɗebe ta daga ta biyu, abin da dattijon ya yi shi ya yi, mataki da mataki. Malaman hisabi na Musulunci suna da babi mai kama da wannan, wanda suke kira hisabin kuskure biyu, inda ake ƙaddara amsa sau biyu, a auna kuskuren kowacce, a fitar da amsar gaskiya daga tsakaninsu, kuma Ibn Albanna na Marrakush, wanda ya rasu a 1321, ya koyar da shi a cikin Talkhis ɗinsa da siffar sikeli mai faranti biyu. Idan malami ya bar yara suka fara warware tambaya da irin wannan tunani, cikin Hausa, da bakinsu, sa'an nan ya nuna musu cewa alamomin rubuta wannan tunanin kawai suke yi, to, sun sami abin da za su riƙa auna mu'adalarsu da shi duk sa'ad da suka yi shakka.

Ko hatimin nan mai gida tara da almajirai suka sani, wanda ake jera 1 zuwa 9 a cikinsa kowane layi ya ba da 15, tarin mu'adala ne miƙaƙƙu: a haɗa layuka huɗun da suka ratsa gidan tsakiya a sami 60, a lura cewa sun ƙunshi dukan gidaje tara, waɗanda jimlarsu 45 ce, tare da gidan tsakiya ƙarin sau uku, sai ya tabbata cewa babu abin da zai zauna a tsakiya sai 5. A wannan fanni na aufaƙi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya yi talifi a shekarar 1732, kafin ya rasu a Alƙahira a 1741.

Saura magana a kan abin da littattafanmu suka fi yi wa rowa, watau cewa ba kowane labari ne ke da amsa guda ba. Mun saba wa yara da cewa majahuli biyu na bukatar mu'adala biyu, wannan kuwa gaskiya ce amma da sharaɗi, domin mu'adala kamar shaidu ce a gaban alƙali: shaidu biyu da suka ji labari daga baki ɗaya shaida ɗaya ce, shaidu biyu da suka ƙaryata juna kuwa ba a gina hukunci a kansu. Idan aka ce tiya 2 ta gero da tiya 1 ta wake naira 7,000 ne, aka kuma ce tiya 4 ta gero da tiya 2 ta wake naira 14,000 ne, magana ta biyu ba ta ƙara kome ba, ta farkon ce aka ninka, kuma farashi iri-iri ba iyaka za su dace da ita. A zane, layi ɗaya ne aka zana sau biyu. Idan kuwa aka ce na biyun naira 15,000 ne, to, babu farashin da zai gaskata maganganun biyu tare, layukan suna tafiya kafaɗa da kafaɗa ba sa haɗuwa, kuma yaron da ya bi hanyar kawarwa zai tarar da kansa gaban 0 = 1,000, ya ɗauka shi ne ya yi kuskure, ya goge aikinsa mai kyau, saboda ba a taɓa gaya masa cewa wannan ma amsa ce ba, ma'anarta kuwa labarin ne ya saɓa wa kansa. Akwai kuma amsar da mu'adala ta yarda da ita amma labari ya ƙi ta: da ƙafafun nan na awaki da kaji 85 aka ce, da lissafi ya ba da akuya goma sha biyu da rabi, ɗalibin da aka horar da shi ya koma ga labarin ya gwada amsarsa shi kaɗai zai gane cewa an yi kuskure wurin ƙirga. Gwajin kuwa a kan kalmomin tambaya ake yinsa, domin wanda ya gwada amsa a kan mu'adalar da ya kafa bisa kuskure, kuskurensa kawai zai tabbatar.

Abu Kamil Shuja'u ɗan Aslam, malamin Masar wanda ya zo bayan Alkhawarizmi, ya keɓe risala guda ga mas'alolin sayen tsuntsaye ɗari da dirhami ɗari, inda majahulai suka fi mu'adala yawa amma dole amsa ta zama adadi cikakke, har ya ƙididdige amsoshi sama da 2,600 ga mas'ala ɗaya. Ana iya kawo ƙaramin irinta a ajinmu. Mutum ya sayi tsuntsaye 20 a kan naira 60,000, agwagwa 5,000, kaza 3,000, tantabara 1,000, kuma ya sayi aƙalla ɗaya daga kowane iri. Majahuli uku ne, mu'adala biyu. Idan aka kawar da tantabaru sai a ga yawan kaji shi ne 20 ban da ninki biyu na yawan agwagi, daga nan kuma ya bayyana cewa tantabaru da agwagi yawansu ɗaya, saboda haka agwagi na iya zama daga 1 har zuwa 9, amsa tara ke nan, kowacce sahihiya. Sai malami ya tambayi aji: wane bayani na uku za a ƙara domin amsa ta zama guda? Wanda ya ce a ƙara cewa kaji sun ninka agwagi sau biyu ya kawo sabuwar shaida, za a sami agwagi 5, kaji 10, tantabaru 5. Wanda ya ce a ƙara cewa tantabaru daidai suke da agwagi kuwa, ko da yake a ido mu'adala ta uku ya kawo, bai ƙara kome ba, domin maganarsa tana ƙunshe tun farko cikin biyun da aka bayar, amsoshin nan tara kuma suna nan yadda suke.